Tambaya da Amsa: In Haɗa Motar da Hannuna, Ko In Sayi Wadda Aka Gama Haɗawa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararka a kan wani al'amari da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya. Ni haifaffen Jidda ne, kakana ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano ya zauna, kuma har yau da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, muke zaune. Shekarata 31, ina aikin lissafin kuɗi a wani shagon kayan gini, ina da mata da 'ya'ya biyu, muna haya a bene hawa na uku. Tun ina yaro nake sha'awar tsofaffin motocin Amurka waɗanda ake cire musu injinsu na asali a ɗora musu babba mai silinda 8, irin waɗanda ake kira hot rod. Cikin shekara 4 na tara riyal 55,000 domin wannan buri kaɗai, ban taɓa kuɗin cefane ko na haya ba.

Yanzu hanya biyu ce a gabana. Kawuna, wanda makaniki ne a sina'iyya, wato unguwar garejoji, ya nuna mini bodin wata a-kori-kura ƙirar Chevrolet ta shekarun 1970 a tashlih, wato wurin da ake kwance matattun motoci ana sayar da kayansu, babu inji, babu giya, babu lamba, ana neman riyal 7,000. Ya ce in na saya zai samo injin GMC mu riƙa haɗa ta a hankali a garejin da yake aiki. Sai kuma wata Caprice samfurin 1985 da na gani a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, mai ita yana Riyad, ya riga ya sauya mata inji ya yi mata sabon fenti, yana neman riyal 50,000. Abokaina sun ce wanda bai haɗa motarsa da hannunsa ba bai san daɗin abin ba, maiɗakina kuwa ta ce in dai dole ne gara in sayi wadda za mu iya shiga. Ni ban taɓa kwance inji ba, iyakata canza baƙin mai da fulogi. Wacce hanya zan bi?

Daga wani mai karatu a Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin wasiƙarka, musamman inda ka ce kuɗin nan ba daga bakin iyalinka ka cire su ba, domin wannan ita ce tambaya ta farko da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan magana. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko: kada ka sayi bodin da ke tashlih, kuma kada ka zuba riyal 50,000 a Caprice ɗin nan sai an cika wasu sharuɗɗa da zan lissafa maka. Abin da na fi so maka shi ne wata hanya ta uku wadda ba ka ambata ba.

Yana da kyau ka san inda wannan al'ada ta samo asali, domin a cikin tarihinta akwai rabin amsarka. A kudancin Kalifoniya aka fara ta a shekarun 1930, lokacin da samari masu ƙaramin ƙarfi suke sayen tsofaffin Ford samfurin T da samfurin A da araha, su cire musu duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. A 1932 kamfanin Ford ya fitar da inji V8, wato mai silinda 8, mai lita 3.6 da ƙarfin doki 65 a cikin motar da talaka zai iya saya, kuma motar wannan shekara ce har gobe ake ɗauka uwa a wannan fage. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da sanin aikin inji da walda, abin ya bunƙasa, har a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin a ɗauke tsere daga kan titi a mayar da shi filin da aka tanada. Waɗannan samari sun haɗa motocinsu da kansu ne saboda kayan gyara suna da araha a wajen 'yan gwangwan, da yawansu suna da ɗan gareji ko fili a bayan gida, hannunsu ya saba da aikin, kuma hukuma ba ta cika yi musu tambaya ba. Ka auna kanka da waɗannan abubuwa. Na farkon kana da shi sosai, domin ƙasar nan ta daɗe da son motocin Amurka, kuma daga tashlih na Buraiman a Jidda har na Ha'ir a Riyad injinan GMC da Chevrolet ba su da wuyar samu. Sauran ukun kuwa ba ka da su.

Bari in daɗe a kan maganar hukuma, domin a nan ne mafi yawan masu wannan buri suke faɗuwa, bayan sun riga sun kashe kuɗinsu. Mota a ƙasar nan ba ƙarfe ba ce kawai, takarda ce. Sai tana da istimara, wato takardar rajistar mota, mai rai, da lamba, da inshora, kuma tsohuwar mota sai ta wuce fahas, wato gwajin lafiyar mota, kowace shekara kafin a sabunta mata takarda ko a mayar da ita da sunan wani. Bodin da ya kai tashlih babu lamba, galibi an riga an soke rajistarsa ne a matsayin motar da ta mutu, kuma dawo da irin wannan mota kan titi ba abu ne da ke hannun makaniki ba, komai gwanintarsa, yana hannun murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci. Haka kuma yin sauyi a jikin mota ko a shasinta, ko canza mata launi, ba tare da bin ƙa'idar da aka shimfiɗa ba, laifi ne a dokar hanya. Saboda haka kana iya shafe shekara uku kana aiki, motar ta fito tana sheƙi, injin yana ruri yadda kake so, amma ba za ka iya kai ta ko Kornish, bakin tekun Jidda, ba sai a bayan motar ɗaukar motoci. Duk wanda ya ce maka ka fara aikin tukuna, takarda za ta zo daga baya, ya juya maka al'amarin ne, ya sa kai a inda ƙafa take. Kafin ka biya ko riyal ɗaya, ka rubuto lambar shasin ka je murur da kanka ka ji matsayinta.

Sai maganar kuɗi. Riyal 7,000 da ake nema a bodin nan shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka kashe, kuma shi ya sa yake ruɗin mutane. Bayan inji akwai akwatin giya da zai dace da shi, da aksul ɗin baya da zai jure ƙarfinsa, da lagireto, da tankin mai da famfonsa, da salansa, da birki gaba da baya, da sitiyari, da wayarin ɗin motar baki ɗaya wanda sai mai aikin lantarki ya zauna a kansa, da gilasai da robobin ƙofa, da kujeru, da aikin fanelbita da na mai fenti. In injin na zamani ne, irin dangin LS na Chevrolet da GMC da suka fara fitowa a 1997 kuma mai lita 5.3 daga cikinsu ya cika motocin Yukon da Tahoe da Suburban, to sai an haɗa da kwamfutarsa da wayoyinta, kuma sai an sami wanda ya iya saita ta a jikin motar da ba don ita aka yi ta ba. In kuwa tsohon inji ne mai kafireta, kamar mai lita 5.7 da Chevrolet ya fara yi a 1967, aikin ya fi sauƙi, amma samun mai lafiya ya fi wuya. Ƙananan abubuwa su ne ke cin mutum a ɓoye: marfi, ƙugiya, makulli, ɗan ƙarfen ado na gefen ƙofa, waɗanda ba a samunsu a nan sai an yi odarsu daga Amurka da dala, kowace dala riyal 3.75, ga kuɗin jirgi, ga harajin kashi 15 cikin 100. A abin da na gani tsawon shekaru, ban taɓa ganin wanda ya ta da mota daga bodi tsura ya gama a kan lissafinsa na farko ba, kuma idan ya tashi sayarwa da wuya ya mayar da abin da ya zuba, ballantana a yi maganar guminsa. Kai ma'aikacin lissafi ne, ka zauna da kawunka ku rubuta kowane abu da farashinsa na yau, za ka ga da idonka inda riyal 55,000 za su tsaya.

Akwai kuma wani abu a wasiƙarka da na tsaya a kansa. Ka ce garejin da kawunka yake aiki, ba ka ce garejinsa ba. Wurin da motarka za ta zauna shekara biyu ko uku wuri ne da mai garejin yake biya wa haya, kuma kowace rana motar mai biyan kuɗi ita za a fara taɓawa, taka sai an sami sarari. Na san wata a-kori-kura da ta yi shekara biyar a lulluɓe da tamfol a bayan wani gareji, kullum ana cewa bayan Hajji za a koma kanta, har garejin ya canza hannu aka ce a zo a kwashe ta, kuma rabin kayanta da ke cikin kwalaye ba a sake ganinsu ba. Ba na shakkar niyyar kawunka ko kaɗan, kuma samun babba irinsa a cikin sana'ar arziki ne. Sai dai aikin zumunci ba shi da wa'adi, kuma kai ba za ka iya tsayawa a gabansa ka ce ya yi jinkiri ba. Motar da za ta sa ka fara jin nauyin gaishe da kawunka ta yi tsada, ko da kyauta aka ba ka ita.

Mu koma kan Caprice. Motar da aka gama haɗawa tana da fa'ida bayyananna: wani ya riga ya ɗauki asarar da ke cikin aikin, kai kuma za ka ga abin da kake saya, ka ji ƙararsa, ka tuƙa shi. Illarta ita ce kana sayen aikin hannun mutumin da ba ka sani ba, kuma sabon fenti yana rufe abubuwa da yawa. Kada ka yi cinikin biri a sama, kada ka tura ko kafin alƙalami a kan hoto. Tsakanin Jidda da Riyad kimanin kilomita 950 ne, kuma kuɗin tafiyarka da ta kawunka shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a wannan al'amari. Ku isa da sassafe, ku ce kada a ta da injin kafin ku zo, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye hayaƙi ko ƙwanƙwasa. A ɗaga motar sama a duba shasi, musamman wuraren da aka yanka ko aka yi walda domin zaunar da sabon inji. Ku bi jikinta da ɗan mayen ƙarfe a naɗe cikin ƙyalle, duk inda ya ƙi kamawa to an cika wurin da ma'ajun, wato ƙullin da ake shafe lotsawa da shi kafin fenti. Ku ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but ku duba tsatsa da busasshiyar laka, domin ko da yake motar Riyad ta fi ta bakin teku tsira daga gishiri da laima, ba ka san inda ta yi rayuwarta ba, kuma mu mutanen Jidda mun ga abin da ambaliyar 2009 da ta 2011 da ta 2022 suka yi wa motoci. Ku duba wayoyin da ke ƙarƙashin sitiyari, in kun ga an yi ta ƙulla su da salatif to ku san yadda sauran aikin yake. Sannan ku bar ta a kunne da esi a tsakiyar rana na tsawon rabin sa'a kuna kallon allurar zafi. Daga nan ka nemi rasit na injin da na manyan kayan, ka nemi shaidar cewa sauyin da aka yi ya bi ƙa'ida, kuma ka sa sharaɗi cewa ba za ka biya ba sai ta wuce fahas a yadda take an mayar da istimara da sunanka. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba.

Ko da ta ci duk wannan jarrabawa, farashin nan ya yi maka yawa, ba don motar ba ta kai ba, sai don zai bar ka da riyal 5,000 kacal. Motar da ta haura shekara 30 dole ta nemi wani abu a watanninta na farko a hannunka, kuma kai mai iƙama ne wanda kuɗin murafiƙai, wato iyalin da ke ƙarƙashin iƙamarsa, na riyal 400 a wata a kan kowane mutum yake jiransa. In ba za a sauko da farashin yadda za ka rage aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka a ajiye ba, ka bar ta.

Ga hanya ta uku. Ka nemi tsohuwar motar Amurka wadda take tafiya da ƙafarta, mai istimara mai rai, wadda ba a taɓa yi mata sauyi ba, ko da fentinta ya ƙone da rana, ko da kujerunta sun yage. Caprice mai kusurwa ta 1977 zuwa 1990, ko a-kori-kurar Chevrolet ko GMC ta wannan zamani, duk suna da shasi daban da bodi, wurin injinsu yana da faɗi, da yawansu da V8 suka fito tun daga masana'anta, kuma kusan kowane tsohon makaniki a sina'iyya ya san su kamar tafin hannunsa. Ka saye ta da abin da bai wuce rabin kuɗinka ba, sannan ka fara gyara ta mataki-mataki tana kan titi. Ka fara da birki da tayoyi da sitiyari da shokazoba, domin motar da ba ta iya tsayawa ba ta da hurumin ƙarin gudu. Sai ka koma kan sanyaya inji, babban lagireto da fanka mai ƙarfi da sababbin tiyo, domin zafin Hijaz yana kashe injin da zai yi shekaru lafiya a wata ƙasa. Sai wayarin, sai esi, wanda a motocin wancan lokaci da tsohon gas R12 yake aiki, kuma sai an mayar da shi R134a. Inji ya zo bayan waɗannan, bayan ka tabbatar da abin da doka ta yarda da shi, fenti kuma shi ne na ƙarshe. Kowane mataki aikin kwana biyu ne ko mako guda, wanda kawunka zai iya yi ba tare da ya shiga haƙƙin mai gareji ba, kai kuma kana tsaye a gefensa da sifana a hannu kana koyo. Bayan shekara biyu za ka san motar nan ciki da waje, maganar abokanka ta tabbata, ta maiɗakinka ma ta tabbata tunda ranar Juma'a za ku iya shiga ku fita da yara. In kuma wata larura ta taso, ko zama ya ƙare, motar da ke tafiya ana sayar da ita cikin kwanaki. Ka tuna cewa ba a ba mai iƙama bizar fita ta ƙarshe matuƙar akwai mota da sunansa, kuma mota a kwance cikin kwalaye tana da wuyar rabuwa da ita.

Idan ƙarfin injin ya ƙaru, zuciya za ta so gwadawa. Tarar tafhiɗ, wato wasan ganganci da mota a kan titi, riyal 20,000 ce a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku, ban da tsare mota, kuma abin da ya fi tara muni shi ne ran wani a wuyanka. Akwai filin tsere na Dirab a kusa da Riyad da aka tanada domin wannan, a can ake gwada mota. Ka gaishe mini da kawunka, ka nuna masa wannan amsa, ina kyautata zaton zai gane dalilina.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni ina zaune a Madina. Na ga ana sayar da Ford samfurin 1932 haɗaɗɗiya a Amurka ta intanet, kuma farashin bai fi ƙarfina ba. Shin in yi odarta a kawo mini ta tashar jiragen ruwa ta Jidda?

Daga wani mai karatu a Madina

AMSA

Barka kadai, Alhaji. Ka dakata tukuna. Ƙa'idar kwastan a nan ita ce ba a shigo da ƙaramar motar hannu da ta wuce shekara 5, tsofaffin motoci na tarihi kuma suna da nasu babi daban da nasu sharuɗɗa, kuma izinin shigo da mota daban yake da izinin hawa titi da ita. Ka sami bayanin duka biyun a rubuce daga kwastan da murur kafin ka tura kuɗi. Ka kuma sani cewa da yawa daga cikin motocin da ake tallatawa da sunan 1932 ba a 1932 aka ƙera su ba, sabon bodi ne na faiba ko na ƙarfe da aka kwaikwaya aka ɗora a kan sabon shasi, kuma shekarar da ke rubuce a takardarta ta can ita za ta yanke hukuncin babin da za ta faɗa a nan. In ta asali ce da ba a taɓa ba, birkinta na sanda ne ba na mai ba, domin sai a 1939 Ford ya koma birkin mai, saboda haka ka tambayi abin da aka sa mata. A kan farashin da ka gani ka ƙara kuɗin jirgi, da inshorar hanya, da kuɗin fito kashi 5 cikin 100, da haraji kashi 15, da ladan mai fitar da kaya a tasha. Sannan ka biya wani masani mai zaman kansa a can ya je ya duba ta ya aiko maka da hotunan ƙarƙashinta da lambar shasinta. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci ba su da rufi kuma ba su da esi, don haka a Madina watannin sanyi kaɗai za ka more ta, sauran shekara tana bukatar rufaffen wuri da zai kare ta daga rana da ƙura. In kana da wannan wuri kuma takardun sun fito sarai, ka aiko mini da bayanin injinta da giyarta mu duba tare.